Nadia Vole, Muguwar Mace Mai Daɗin Baki

 Yau ba jarumi za mu zanta a kansa ba. Za mu leƙa wajen wata mata ce da ko a bangon littafin ba a ambaci sunanta ba, amma ita kaɗai ta yi wa jarumin wayo. Sunanta Nadia Vole.

A gurguje ga tushen zancen. Littafin shi ne Stormbreaker, na marubucin Ingila Anthony Horowitz, ya fito a 2000, kuma da shi aka buɗe jerin labaran Alex Rider. Alex yaro ne ɗan shekara 14. An kashe baffansa Ian Rider, sai hukumar leƙen asiri ta MI6 ta matsa wa yaron lamba ya ƙarasa aikin da mamacin ya bari. Aka tura shi yankin Cornwall, masana'antar wani attajiri, Herod Sayle, wanda ya yi alkawarin raba kwamfuta kyauta ga makarantun sakandaren ƙasar. Kyautar ɗan kunama ce, don an ɓoye ƙwayar cutar agana a cikin kwamfutocin.

To, ita Nadia Bajamushiya ce, mataimakiyar Sayle. Ba ta da fara'a, ita ke zagayawa da baƙi, ita ke sa ido a kansu. Akwai abokin aikinta, Mista Grin, mai tabon wuƙa daga baki har kusa da kunne, wanda kallo ɗaya za ka yi masa ka san ba alheri. Shi kowa na gudunsa. Nadia kuwa sai ta bari aka kama Alex, aka ɗaure shi da ankwa a kan kujera, yana jiran ajali. Can sai ga ta. Ta kwance shi, ta ce masa ai ita ma 'yar leƙen asiri ce, tare suka yi aiki da baffansa.

Ku saurara da kyau: baffansa ta ambata. Yaro maraya, wanda bai gama makoki ba, an kira masa sunan mutumin da ya raine shi. Me kuke tsammani? Ya yarda. Suna neman waya don kiran MI6, sai ta taɓa wani maɓalli, daɓen da yake tsaye a kai ya buɗe, ya zurma cikin katafaren tankin gilashi.

Abin da ke cikin tankin nan shi ya fi ɗaukar hankalina. Wata halittar teku ce mai dafi, wadda Turawa suka laƙaba wa sunan jirgin yaƙin Fotugal. Kuma da gaske akwai ta, ba ƙirƙirar marubuci ba ce. Masana sun ce ba dabba ɗaya ba ce, taron ƙananan halittu ne a manne da juna, wasu na farauta, wasu na narka abinci, wasu na haihuwa. Saman jikinta jaka ce mai iska, shuɗiya, tana yawo bisa ruwa duk inda iska ta kaɗa ta. A ƙasa kuwa zaruruwa ne masu harbi, tsawonsu kan kai mita 10, wani lokaci har 30. Mita 30, jama'a! Sayle kuwa ita ya ajiye a ɗakinsa yana kiwo.

Alex na da wani man ƙurajen fuska na bogi da Smithers, maƙerin kayan MI6, ya ba shi, wanda ke cinye ƙarfe. Ya shafa wa ƙarafan da ke riƙe da gilashin. Tanki ya fashe, ruwa ya yi ambaliya, halittar ta faɗa kan Nadia. Nan ta cika. Mai haƙa ramin mugunta dai an ce ya haƙa shi gajere.

Amma ina da ƙorafi ga Horowitz. Sayle an ba mu dalilinsa: cin zalin da aka yi masa a makaranta, kuma cikin masu cin zalin har da wanda ya zama Firayim Minista. Nadia fa? Kuɗi ne? Biyayya ce? Shiru. An ba ta harshen Jamusanci da ɗaurarriyar fuska, an ce mu ɗauka hakan ya isa. Ni dai bai ishe ni ba.

A fim ɗin littafin da ya fito a 2006, Missi Pyle ce ta fito a matsayinta.