Dubban hotuna a waya da kwamfuta: Yadda za ku tsara su don kada nema ya gagara

Duk mai ɗaukar hoto ya san wannan tashin hankali: wani ya kira yana neman hoton ɗaurin aurensa na shekara uku da suka wuce, ko edita na son hoton wata kasuwa kafin ta yi gobara. Hoton na nan a kwamfuta, amma a ina? Cikin fayil dubu arba'in masu suna irin su IMG_4471, ba a san inda za a soma ba.

Hoton da ba a iya gano shi a lokacin da ake buƙatarsa, da shi da babu duk ɗaya. Ga mai sana'a, asarar kuɗi ce da zubewar mutunci a idon mai aiki. Ga iyali kuwa, wani lokaci hoton ƙarshe ne na mahaifin da ya rasu.

Abin da hoto ke ɗauke da shi

Kowane hoton dijital na da bayanai maƙale a jikinsa. Kashi na farko kyamara ce ke rubuta shi da kanta, bisa tsarin EXIF da aka ƙirƙiro a Japan a 1995: rana da lokaci, nau'in kyamara, a waya kuma har da wurin da aka tsaya.

Kashi na biyu sai mutum ya zauna ya cike shi. Shi ne tsarin IPTC, wanda ƙungiyar kafofin labarai ta duniya mai wannan suna ta fitar domin kamfanonin dillancin labarai. A nan ake rubuta sunan mai hoto, bayanin abin da ke ciki, gari, da kalmomin nema. A 2001 kamfanin Adobe ya fito da XMP, hanyar da yawancin manhajoji ke bi a yau wajen adana waɗannan bayanai.

Tun 2018 Google ke nuna sunan mai hoto a shafinsa na neman hotuna, idan an rubuta shi a wannan gurbi.

Manhaja ta san doki, ba ta san hawa ba

Google Photos, da aka ƙaddamar a 2015, na iya gane fuska, mota ko doki. Sai dai iliminsa a nan ya tsaya. Ɗauki hawan sallar Kano, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a Disamban 2024. Manhaja za ta tattaro muku duk hoton da ke da doki, amma ba za ta bambance Hawan Daushe da Hawan Nasarawa ba, ba kuma za ta san wane hakimi ne ke ƙarƙashin rawanin ba. Wanda ya tsaya a wurin shi ya sani, kuma bayan 'yan shekaru shi ma zai manta.

Shi ya sa ƙwararru ke sa kalmomin nema a ranar da suka sauke hotuna daga kati. Tambayoyi huɗu sun wadatar: wa ke ciki, me ake yi, a ina, yaushe.

Matakan da ake bi

A fara da suna. Kyamarori da yawa idan suka kai lamba 9999 sai su koma 0001, don haka hotuna biyu na iya zuwa da suna ɗaya, wani ya hau kan wani. A sauya sunan ya fara da shekara, wata da rana, sannan taron: 2024-04-11-Hawan-Daushe-001. Ta haka kwamfuta za ta jera su da kanta.

Sai tankaɗe da rairaya. A goge wanda ya yi dishi-dishi da wanda aka maimaita, a ba sauran taurari daga 1 zuwa 5.

Daga nan a sa kalmomin da suka shafi hotunan baki ɗaya a lokaci guda, kafin a koma kan ɗaiɗaiku. Manhajoji irin su Lightroom Classic da digiKam na ba da damar jera kalmomi hawa-hawa: Najeriya, ƙarƙashinta Kano, ƙarƙashinta Ƙofar Kudu. Lightroom ana biyan kuɗinsa ne, amma digiKam da Adobe Bridge kyauta suke.

Akwai tarko na musamman ga mai rubuta Hausa. A wurin kwamfuta, k daban ƙ daban, haka d da ɗ, da b da ɓ. Wanda ya rubuta "Ƙofar Mata" yau, gobe ya nemi "Kofar Mata", zai iya tashi hannu wofi. Haka ma Muhammad da Muhammadu, ko Zariya da Zaria. A zaɓi rubutu ɗaya a tsaya a kansa. Lightroom na barin a haɗa kalma da takwarorinta, ta yadda duk wadda aka nema za ta kawo hoton.

Kada aikin ya mutu tare da manhaja

Wasu manhajojin na ajiye kalmomin ne a kundinsu, ba a jikin hoton ba. A Lightroom Classic sai an ba da umarnin a rubuta su cikin XMP. Idan ba a yi ba kuma kundin ya lalace, wahalar shekaru ta bi ruwa. Manhaja ma ba ta dawwama: Google ya daina kula da Picasa a 2016, bayan miliyoyin mutane sun saba da shi.

WhatsApp kuma na rage ingancin hoto tare da share bayanansa, sai dai idan an tura shi a matsayin fayil. Wannan sharewar na da amfaninta, domin bayanan wuri kan tona asiri. A Disamban 2012 mujallar Vice ta wallafa hoton attajiri John McAfee yana gudun 'yan sandan Belize, sai bayanan hoton suka nuna yana Guatemala. Ɗan jaridar da ke ɗaukar majiyar da ba ta son a san inda take, ya cire bayanan wuri kafin ya wallafa.

Na ƙarshe shi ne ajiya. Mai ɗaukar hoto ɗan Amurka Peter Krogh ya yaɗa ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku, a kan na'urar ajiya iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Google Photos ya daina ba da ajiya kyauta mara iyaka tun 1 ga Yunin 2021, yanzu gigabait 15 kawai ake samu, tare da Gmail da Drive.

Wanda hotuna suka riga suka taru masa, kada ya ce sai ya gyara duka a mako ɗaya. Ya fara da aikin da ya ɗauka yau, sannan ya riƙa komawa baya a hankali. Tsofaffin hotunan dangi su ne suka fi gaggawa, domin dattawan da za su iya faɗin sunayen mutanen da ke ciki kullum raguwa suke yi.