Ba kowane Musulmi ne Balarabe ba

Ɗan'uwa mai karatu, in ka ga mutum da rawani yana magana da Larabci, mi za ka ce? Da yawa cikinmu cewa za su yi: "Wanga malami ne." In muka tsinci takarda mai rubutun Larabci, sai mu ɗauke ta da ladabi, alhali wataƙila kwalin sabuni ne ko na shayi. Mun gama abu biyu wuri guda. To, bari mu raba su.

Larabawa al'umma ce, kamar Hausawa, Zabarmawa, Fulani ko Barebari. Suna da harshensu da al'adunsu, kuma akwai su tun kafin zuwan Annabi (SAW). Nan Nijar ma muna da Larabawa, wajen Tasara cikin jihar Tawa, da kuma jihar Difa. Musulunci kuwa addini ne. Duk wanda ya yi kalmar shahada da gaskiya ya shiga, ko wane harshe yake ji.

Musulmin duniya sun kai wajen miliyar 2. In ka tara Musulmi 5, guda ne kawai Balarabe. Ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi ita ce Indunusiya, can nahiyar Asiya. Tana da Musulmi sama da miliyon 200, kuma ba Larabawa ba ne. Haka Pakistan, Indiya da Bangaladash. Mutanen Iran Farisanci suke yi, na Turkiyya Turkanci. Tambayi alhajin garinku wa ya gani wajen ɗawafi, ka sha labari.

Kuma ba kowane Balarabe ne Musulmi ba. A Labanan, Siriya da Falasɗinu akwai Larabawa Kiristoci. Da Larabci suke karanta Linjila, su ma "Allah" suke cewa cikin addu'arsu.

Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa tana da ƙasa 22, ba Nijar a ciki. Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi kuwa tana da 57, da Nijar a ciki. Har ɗan ƙasarmu, Hamid Algabid, ya zama babban magatakardanta daga 1989 zuwa 1996.

To, mi ya kawo ruɗanin? Annabi (SAW) Balarabe ne. Alƙur'ani da Larabci ya sauka, da shi muke salla. Don haka harshen yake da daraja gare mu. Amma da shi kuma ake ciniki, da shi ake faɗa, kamar kowane harshe. Ba duk maganar Larabci ake ce wa amin ba.

Tun farko addinin ba na ƙabila guda ba ne. Bilal, ladanin farko, asalinsa Habasha. Salmanu daga Farisa ya zo. Imamu Buhari, mai babban littafin hadisi, an haife shi a Buhara, cikin Uzbekistan ta yau.

Saboda haka kada ka rena kanka don kai ba Balarabe ba ne. Kada kuma ka karɓi fatawa wajen mutum don kawai Larabci na bakinshi. Dubi iliminshi da halinshi tukuna. Wajen Allah, tsoronsa shi ne ma'auni.

Tambayoyi
1. Wace ƙasa ta fi yawan Musulmi?
2. Cikin Musulmi 5, nawa ne Larabawa?
3. Daga ina asalin Bilal yake?