Daga Maigida Zuwa Sarkin Aljanu: Tafiyar Sunan Ba'al da Ƴan'uwansa

A shekarar 1928 garmar wani manomi ta buɗe bakin wani tsohon kabari a gaɓar Bahar Rum, cikin ƙasar Siriya. Da shekara ta zagayo, masu haƙar kufai na Faransa ƙarƙashin Claude Schaeffer suka fara tonon tudun Ras Shamra da ke kusa da wurin, suka tarar da birnin Ugarit, wanda ya rushe kimanin shekaru 1200 kafin haihuwar Annabi Isa. Cikin abin da ƙasa ta adana akwai allunan yumɓu masu rubutun haruffa 30, kuma a 1930 aka warware karatunsu. Kafin wannan lokaci, kusan duk abin da aka sani game da gumakan Kan'ana daga bakin masu ƙyamarsu aka ji shi. Allunan suka kawo sunayen yadda masu bautar kansu suka rubuta su.

Abu na farko da ɗalibin harshe zai lura da shi shi ne yawancin sunayen kalmomin yau da kullum ne. Yam teku ne, kamar yamm na Larabci. Shafash rana ce, ƴar'uwar shams. Mot kuwa, wanda almarar Ugarit ta ce ya haɗiye Ba'al, mutuwa ce kawai, daga saiwar m-w-t. Wannan saiwa ta girmi harsunan Semitik kansu, domin ana samun ta a Misirancin Fir'aunoni da harsunan Buzaye, kuma masana na kafa hujja da ita wajen nuna cewa Hausa, ta reshen harsunan Cadi, dangi ɗaya take da Larabci da Ibrananci. Bahaushen da ya ce "ya mutu" gado yake ci, ba aro ba. Haka il ko el, ɗan'uwan ilah na Larabci, yake nufin abin bauta kowane iri, kafin ya zama sunan uban gumakan Ugarit. Shi ne ke ƙarshen Isma'ila da Jibrilu da Mika'ilu.

Ba'al ya fi kowanne jan hankali. Ma'anarsa mai abu, maigida, ko miji, kuma har yau ba'l a Larabci miji ne. Laƙabi ne, domin sunan yanka na gunkin shi ne Hadad ko Haddu, mai hadari da tsawa da ruwan sama. Laƙabin ya danne sunan, yadda "Mai Martaba" kan danne sunan sarki a fada. Ya bar sawunsa a sunan garin Ba'albak na Labanan da na Hannibal, jarumin Kartaj, kuma Alƙur'ani ya ambace shi a Suratus Saffat, cikin ƙissar Annabi Ilyasu. Akwai ma wani sawun da manomin gero zai gane nan take: Larabawa na kiran gonar da ba a yi mata ban ruwa, wadda damina kaɗai ke shayarwa, da ba'l. An manta da gunkin, kalmar ta ci gaba da noma.

Littafin Sarakuna na biyu, a Tsohon Alkawari, ya ba da labarin Sarki Ahaziya da ya aika neman duba wurin Ba'al Zebub, abin bautar birnin Ekron. Zebub ƙuda ne a Ibrananci, daidai da zubab na Larabci, sunan ke nan ya zama "ubangijin ƙudaje". An daɗe ana cewa wataƙila gunkin korar ƙuda da annoba ne. Amma rubutun Girkanci na Linjila ya kawo sunan da wani baƙi na daban a ƙarshe, Beelzebul, yana kuma kiransa sarkin aljanu. Allunan Ugarit ne suka ba da haske: a cikinsu kalmar z-b-l, wato yarima ko maɗaukaki, tana cikin kirarin Ba'al. Shi ya sa manazarta da yawa ke ganin marubucin Ibrananci da gangan ya musanya baƙi ɗaya, ya mai da yarima ƙuda. Hujjar tana da ƙarfi, ko da yake hasashe ne, don ba a sami rubutun mutanen Ekron da ya tabbatar da ainihin laƙabin ba.

Wasula ma sun yi irin wannan aiki. Tsohon rubutun Ibrananci baƙaƙe kawai yake ɗauka, kamar ajamin da ba a yi wa wasali ba, kuma sai bayan ƙarnuka masu yawa malaman Yahudawa suka ɗiga alamun wasula. Gunkiyar da Girkawa suka ji ana kira Astarte, takwarar Ishtar ta Babila, ta fito a rubutunsu da siffar Ashtoret. Wasulan o da e ɗin nan su ne na kalmar boshet, wato abin kunya, kuma an san marubutan kan sa wannan kalma a gurbin Ba'al: ɗan Sarki Saul da wani littafi ya kira Eshba'al, wani littafin ya kira shi Ishboshet. Jam'in sunan gunkiyar, Ashtarot, shi ne ya ƙarasa cikin littattafan tsibbun Turai a matsayin aljani namiji. An faɗi irin wannan bayani game da Molek, daga melek, sarki, sai dai a 1935 Otto Eissfeldt ya kawo ra'ayin cewa m-l-k ɗin sunan wata irin hadaya ne a rubutun Kartaj, kuma gardamar ba ta mutu ba.

Sai tarkon kamannin sauti, wanda ɗalibai suka fi faɗawa. Lilit, da aka ambata sau ɗaya a littafin Ishaya, an daɗe ana fassara ta da aljanar dare saboda ta yi kama da laila. Asalinta lilitu ne na Akadanci, shi kuma aro ne daga lil na Sumeranci, harshen da ba ya cikin dangin Semitik ko kaɗan. Lil na nufin iska da kuma ruhi. Bahaushe ba zai yi mamaki ba, tun da shi ma kalma ɗaya ya ba iskar hunturu da iskokin bori, amma wannan dacewar tunani ce kawai, babu dangantakar saiwa. Haka shedu, wanda a Akadanci yakan zama ruhi mai tsaron mutum, ya koma shed, mugun aljani, a Ibrananci. Kunnen Bahaushe zai so ya haɗa shi da shaiɗan, alhali saiwoyin biyu daban suke.

Shaiɗan daga shayṭān na Larabci Hausa ta aro shi, kuma ɗ ɗin da ke ciki bin ƙa'ida ne, domin haka harafin ɗa na Larabci ke komawa a ɗalibi da ɗa'a da sharaɗi. Malaman lugga na Larabawa sun kasu biyu kan saiwarsa: wasu sun ce sh-ṭ-n ce, nisanta, wasu sun ce sh-y-ṭ ce, ƙonewa. Takwaransa na Ibrananci, satan, ya fara ne da ma'anar abokin gaba ko mai kai ƙara, har ana faɗinsa ga ɗan Adam. A littafin Ayuba yana zuwa da harafin tantancewa, ha-satan, wato muƙami ne, mai ƙara a zaman shari'a. A littafin Tarihi na farko harafin ya faɗi, kuma nan ne masana da yawa ke ganin muƙamin ya fara zama suna.

Hausa ta yi akasin haka da aljani. Ta haɗiye al- na Larabci cikin kalmar, kamar yadda ta yi a alƙali da alkama, har mai magana ba ya jin ɗafi ne. Saiwar j-n-n ɓoyewa take nufi, daga gare ta aka sami jinn, halittar da ido ba ya gani, da janin, ɗan tayin da ciki ya rufe, da majnun, wanda aka rufe wa hankali, da janna, lambun da inuwar itatuwa ta lulluɓe ƙasarsa. Daga wannan ta ƙarshe Hausa ta sami Aljanna.