Yadda A Ke Zaɓen Yaro Zuwa Kwaleji

Akwai wata magana da mu kan ji a ƙauye da birni, wai yaro ba ya samun shiga kwaleji sai ubansa ya san wani babba. Saboda wannan magana mutum ya kan sayar da akuyarsa ko buhun gyaɗarsa, ya miƙa wa wani mai babbar riga kuɗin don ya nemo wa yaronsa wuri. Shekara ta juyo, ba wuri, ba kuɗi. To, a wannan darasi za mu bi hanyar da takardun yaro su ke bi, tun daga gida har su kai gaban masu zaɓe, don ko wane uba da ko wace uwa su san abin da a ke dubawa.

A zamanin da makarantun kaɗan ne. Ɗan Hausa ya buɗe tasa a Nasarawa, nan Kano, cikin 1909. Kwalejin Katsina kuwa an yi bikin buɗe ta cikin 1922, ita ce ta koma Kaduna cikin 1938, daga baya ta koma Zariya, inda a ke kiranta Barewa. Daga makarantun larduna a ke tsamo yaran da za su shige ta, 'yan kaɗan daga ko wane lardi. A lokacin iyaye da yawa ɓoye 'ya'yansu su ke yi, kada a kai su boko. Duk da haka ba 'ya'yan sarakuna kaɗai suka shiga ba. Abubakar Tafawa Balewa ba ɗan sarki ba ne, ya shiga Katsina cikin 1928. Malam Aminu Kano na unguwar Sudawa ya yi Kwalejin Kaduna, cikin 1946 kuma aka tura shi Landan ƙaro ilmi.

Yanzu abin ya juya. Masu nema sun fi wuraren yawa nesa ba kusa ba, dole sai an tankaɗe an rairaye.

Mu ɗauki yaro ɗan unguwar Zaitawa, cikin birnin Kano, wanda ya gama sakandare, yana son shiga Jami'ar Bayero. Ba ta da nisa da gidansu, tsohon mazauninta yana wajen ganuwa ta gefen Kabuga. Amma kusanci ba ya shigad da shi. Abin da a ke fara dubawa sakamakon jarrabawarsa ta fita sakandare, watau WAEC ko NECO. Ana son ya ci darussa biyar da daraja wadda a ke kira kiredit. Turanci lalle ne ya kasance cikinsu. Mai son likita ko injiniya ko wani fannin kimiyya kuwa, sai ya haɗa da Lissafi. Ana kuma son ya cika shekara 16.

Sa'an nan sai jarrabawar JAMB. Wannan hukuma an kafa ta cikin 1978. Kafin zuwanta ko wace jami'a ita ke karɓar masu nemanta da kanta, sai yaro ɗaya ya sami wuri biyu ko uku, wani kuwa ya rasa ko ɗaya. Yanzu ƙofa ɗaya kowa ya ke bi, ko jami'a ya ke so, ko kwalejin horon malamai, ko ta fasaha. Darussa huɗu a ke tambaya, ko wanne maki 100, duka 400 ke nan. Tun 2015 a kwamfuta a ke yin ta. Nan ne yaran ƙauye su kan sha wuya. Yaro ya san amsa sarai, amma bai taɓa taɓa kwamfuta ba sai ran jarrabawa, hannunsa na rawa, lokaci na tafiya. In kuna da hali, kuɗin da za ku ba mai babbar riga gara ku biya wa yaron mako biyu ko uku ya koyi danna ta.

Bayan wannan ita ma makarantar ta kan yi nata tankaɗen. Wata ta sake yi musu 'yar jarrabawa, wata ta duba takardu kawai. Sai a haɗa makin duka, a jera sunaye daga na sama zuwa na ƙasa. Ku lura, ko wane fanni da jerinsa. Makin da ya isa yaro ya shiga fannin koyarwa ko na noma, ba lalle ya ishe shi shiga likita ko lauya ba, domin can masu nema sun yi yawa. Yara da yawa ba faɗuwa su ke yi ba, sun dai nace wa ƙofar da ta fi cunkoso ne, alhali ta kusa da ita a buɗe ta ke.

Ga wani lissafi da za mu iya yi a allo. A jami'o'in gwamnatin tarayya, irin su Bayero da Ahmadu Bello ta Zariya, in wuri 100 ne a wani fanni, ga yadda a ke raba su. Wuri 45 na waɗanda suka fi kowa maki ne, ko daga wace jiha suka fito. Wuri 35 na 'yan jihohin da ke kewaye da jami'ar ne. Ga Bayero, watau Kano da maƙwabtanta irin su Jigawa da Katsina. Sauran 20 an ajiye su ga jihohin da a ke ganin an bar su baya wajen ilmin boko, Kano kuwa tana cikinsu. Ku tara: 45 da 35 da 20, ɗari cif. Kun ga yaronmu na Zaitawa yana da ƙofa uku. In bai shiga ta fari ba, ya gwada ta biyu, ya gwada ta uku. Amma ko a ƙofa ta uku ɗin, mai maki da yawa shi ke gaba.

Akwai masu sukar wannan rabo, suna cewa ana tauye yaron da ya fi ƙoƙari don kawai garinsu daban. Maganarsu ba ta rasa kan gado ba. Mu dai a ganinmu, wurin da aka ajiye mana ba abin taƙama ba ne. An ajiye shi ne don mun makara.

Tun 2017 ba a ba yaro wuri a ɓoye. Makaranta ta kan aika sunan wanda ta zaɓa ga JAMB ta intanet, JAMB ta duba ta amince, sa'an nan yaron da kansa ya shiga ya danna cewa ya karɓa. In bai danna ba har lokaci ya wuce, wurin na iya kuɓuce masa. Duk wanda ya kawo muku wata takarda ya ce wuri ne, alhali sunan yaron bai fito can ba, ku riƙe kuɗinku.

Yanzu mu zo ga abin da ya fi shafar wannan aji, watau suna. Yaro ɗaya, a takardar firamare an rubuta Muhammadu, a ta sakandare Mohammed, a katin ɗan ƙasa Mamman. A gida duk mun san mutum ɗaya ne. Kwamfuta ba ta san haka ba, wurinta mutum uku ne. Haka ranar haihuwa, nan 2006, can 2008, don wani ya ce a rage masa shekaru. Tun 2021 ba a yin rajistar JAMB sai da lambar katin ɗan ƙasa, wadda a ke kira NIN, abin da ke jikinta kuwa shi a ke kwafewa. In ya saɓa da sauran takardu, sai a yi ta zirga-zirga tsakanin ofis da kotu ana rantsuwa, ana kashe kuɗin mota, wani lokaci shekarar ta wuce. Uban da ya iya karatu zai shimfiɗa takardun nan a tabarma, ya bi su baƙi da baƙi, ya gane saɓanin tun yaron yana aji ɗaya na sakandare, lokacin da gyaran ba wuya.

Samun wuri daban, kuɗin karatu daban. Taimakon da a ke ba ɗalibi, wanda mutane ke kira sukolashif, ba a nemansa sai an riga an sami wuri. Jihar Kano tana da hukumar da ke wannan aiki. Za ta so ganin takardar ɗaukar yaron, da shaidar ya yi rajista, da takardar da ta nuna shi ɗan jihar ne. Wannan ta ƙarshe daga ƙaramar hukuma a ke karɓo ta. Ɗan Zaitawa tasa ita ce ta Birni da Kewaye, mai unguwa ne kuwa zai fara shaidarsa. Ku na ƙauye, dagaci da hakimi. Kada a jira sai an yi shela sa'an nan a fara nemanta, domin fom ɗin ba ya daɗewa a buɗe.

Babban taimako, irin na fita ƙasar waje, ƙoƙari a ke dubawa. Cikin 2012 gwamnatin Kano ta tura ɗalibai 501 waje su yi digiri na biyu. Cikin 2023 kuma aka yi shirin tura 1,001, zuwa ƙasashe irin su Indiya da Uganda. Waɗanda suka fita jami'a da sakamako mafi kyau su aka nema.

Akwai kuma bashin karatu na gwamnatin tarayya, wanda aka soma cikin 2024, hukumarsa a ke kira NELFUND. Wannan ba kyauta ba ne, ku riƙe wannan da kyau. Ba ruwa a kansa, kuɗin makaranta kuma kai tsaye a ke biyan makarantar, ba ya biyowa ta hannun kowa. Sai yaro ya gama, ya yi hidimar ƙasa, an ƙara shekara biyu, sa'an nan a fara biya. Ku zauna da yaron ku yi shawara kafin ya sa hannu.

Duk wannan da muka faɗa, da namiji da mace ɗaya ne. Jerin sunayen nan maki ya ke bi, ba a yi wa yarinya wani ma'auni dabam.

Ran da za mu sake haɗuwa, duk mai yaro ko yarinya a sakandare ya zo da takardunsu, da ta haihuwa, da ta firamare, da katin ɗan ƙasa in akwai. Za mu rubuta sunayen a allo, mu gwada su ɗaya da ɗaya.