Beljiyam: Dajin da ke rikiɗa shuɗi a watan Afrilu, inda kare ba ya yawo sai da igiya

A daidai lokacin da zafin Afrilu ke haura digiri 40 a Yamai, Tawa da Damagaram, a yammacin Turai sanyin hunturu ne ke janyewa, itatuwa na fara toho. A wannan ɗan tsakanin ne dubban jama'a ke tururuwa zuwa dajin Hallerbos, kimanin kilomita 20 kudu da Burusel, babban birnin Beljiyam, domin yin tattaki na yini guda a cikin furanni. Da yawa daga cikinsu na zuwa ne da karnukansu, kuma a nan ne hukumomin dajin ke da babban aiki.

Abin da ke jan mutane wani ɗan fure ne mai siffar ƙararrawa, wanda masu jin Faransanci ke kira jacinthe des bois. Daga wajen tsakiyar Afrilu yakan rufe ƙasan dajin ruf, shuɗi mai ratsin shunayya, kamar an shanya zannuwan da aka tsamo daga karofi. Kwanakin ganinsa ba su da yawa: mako biyu zuwa uku, ya danganta da yanayin shekarar.

Tseren fure da inuwa

Gajartar wa'adin tana da dalili. Furen na fitowa ne daga wani ƙulli mai kama da ƴar albasa, wanda ke kwance a cikin ƙasa duk tsawon hunturu. Manyan itatuwan dajin, galibinsu irin da Faransawa ke kira hêtre, sukan zubar da ganye a lokacin sanyi, don haka a farkon Afrilu rana na sauka har ƙasa. Furen na amfani da wannan damar ya fitar da ganye, ya yi huda, ya tara abincin da zai ci baɗi. Da zarar itatuwan sun yi sabon ganye, inuwa ta rufe, sai ya koma barci.

Wannan ne ya sa taku ɗaya ke yi masa illa. Ganyen da aka murƙushe ba ya iya tara abinci, ƙullin da ke ƙasa sai ya raunana ko ya mutu. Ƙasar da aka tattake kuma takan daskare, iri ba ya samun wurin kamawa. Daga faɗuwar iri zuwa furen farko ana ɗaukar shekara 5 zuwa 7, ke nan wurin da aka lalata a yammaci guda yana iya zama fili tsawon shekaru.

Daji mai tarihi

Hallerbos, wanda faɗinsa ya kai wajen hekta 550, ragowar wani tsohon ƙurmi ne da ya taɓa mamaye tsakiyar Beljiyam. A Yaƙin Duniya na Ɗaya sojojin Jamus sun sare mafi yawan manyan itatuwansa. A 1929 ya koma hannun gwamnatin Beljiyam daga iyalan Arenberg da suka mallake shi, aka kuma sake dasa shi tsakanin 1930 da 1950. Itatuwan da ake gani yau ba su tsufa sosai ba, amma ƙasar da ke ƙarƙashinsu tsohuwar ƙasar daji ce, shi ya sa furen ya wanzu.

Hukumar kula da gandun daji ta yankin Flanders, Natuur en Bos, ita ke riƙe da dajin. A 2023 aka shigar da shi cikin sabon gandun ƙasa na Brabantse Wouden, tare da dajin Soignes da ke bakin Burusel.

Shiga kyauta ne. Daga tashar Bruxelles-Midi jirgin ƙasa na kai mutum garin Halle cikin ƙasa da minti 20, kuma a shekarun baya-bayan nan akan tanadi motocin bas na musamman a ƙarshen mako lokacin furen. Akwai hanyoyi masu alama: wata ta kusan kilomita 2 da ko mai keken guragu zai iya bi, wata ta kilomita 4 da ke ratsa ta wurin dogayen itatuwan sequoia, da wata ta kilomita 7 da ke hawa tudu tana gangara kwari.

Me ya sa sai da igiya?

Ga ƴan Nijar mazauna Burusel, waɗanda suka taso inda kare ke gadin gida ko garke ko rakiyar mafarauci, ganin yadda Bature ke shirya wa karensa ruwa da abinci a jaka domin fita yawo abu ne da sai a hankali ake sabawa da shi. Wasu ma tsoron haɗuwa da karnuka ne ke hana su shiga daji da iyali. To sai dai doka tana gefensu: a dazuzzukan Flanders dole kare ya kasance ɗaure da igiya, in ban da wuraren da aka keɓe don sakinsa. A yankin Wallonie ma dokar gandun daji ta wajabta igiyar.

Dalili na farko shi ne furen. Mutum na iya karanta allo ya tsaya a kan hanya, kare kuwa hancinsa yake bi. In ya shinshino wani abu sai ya kutsa cikin furanni da gudu, ya yi tono, ya yi birgima.

Na biyu shi ne namun daji. Watannin Afrilu zuwa Yuni lokacin haihuwa ne. Wata ƙaramar barewa da ke zaune a waɗannan dazuzzuka takan haihu a Mayu da Yuni, ta ɓoye ɗanta a cikin ciyawa ta tafi kiwo. Akwai kuma tsuntsayen da ke yin sheƙa a ƙasa. Kare ko bai ciji komai ba, korar da ya yi ta isa ta sa tsuntsuwa ta bar ƙwanta ya huce, ko barewa ta ruga ta faɗa kan kwalta.

A Faransa, inda nan ma ƴan Nijar ke da yawa, dokar ta lokaci ce: daga 15 ga Afrilu zuwa 30 ga Yuni na kowace shekara, haramun ne a saki kare ba igiya a wajen hanyoyin daji. Tarar na iya kai Yuro 750, wato kusan jika 492 na kuɗin sefa.

Takin da ba a so

Dalili na uku zai ba manomi mamaki. A Maraɗi kashin dabba dukiya ce, har kuɗi ake biya a kai shi gona. A waɗannan dazuzzuka kuwa matsala ne. Wani bincike da masana a jami'ar Ghent suka wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa kashi da fitsarin karnuka na zuba kimanin kilo 11 na sinadarin nitrojin da kilo 5 na fosforas a kowace hekta duk shekara, a gandayen da suka duba a kewayen birnin.

Yawancin furannin daji sun saba da ƙasa marar ƙarfi. In taki ya yi yawa, sai ciyayi masu saurin girma, irin su wata mai ƙaiƙayi da ake kira ortie, su taso su danne su. Binciken ya nuna cewa in masu karnuka suka riƙa kwashe kashin, kusan duk fosforas ɗin da fiye da rabin nitrojin ɗin ba za su shiga ƙasa ba. Ƴar ledar da ake gani ɗaure a igiyar kare aikinta ke nan.

Shi ma karen igiyar na tsare shi. Furen mai guba ne tun daga ƙulli har ganye, kare in ya ci yana iya amai da zawo, wani lokaci har bugun zuciyarsa ya rikice. Sannan da ɗumin yanayi kaska ke farkawa, kuma kaskar Turai na ɗauke da cutar Lyme da ke kama mutum da dabba. Likitoci na ba da shawarar a sa dogon wando, a duba jiki da na kare bayan an dawo gida, a cire kaskar da wuri da ɗan matsefi na musamman da ake samu a kantin magani.

Hoto da kuɗinsa

Ba karnuka kaɗai ke ɓarna ba. Tun da hotunan dajin suka bazu a Instagram da Facebook, masu zuwa suka ƙaru, kuma kowa na son hoton da zai nuna shi a tsakiyar shuɗin, shi da karensa ko da amaryarsa. In mutum ɗaya ya ratsa, sawunsa ya zama hanya ga na bayansa, kafin a ankara an buɗe turba. Wannan ya sa ake ɗaura igiyoyi a gefen wasu hanyoyin, ma'aikatan daji da ƴan sa-kai kuma na zagayawa suna tunatar da jama'a. Tsinkar furen ma an hana.

Mai niyyar zuwa zai fi jin daɗi in ya zaɓi ranar aiki ko ya yi sammako, kafin cunkoso. Takalmi mai rufi ya zama dole, domin ruwan sama ba ya sallama a Beljiyam kuma hanyoyin kan yi taɓo. Mai kare ya riƙe igiya gajera, ya matsa gefe in ya ga yara ko wanda ke ɗari-ɗari. Wanda ba shi da kare kuma yana da damar ya roƙi mai shi ya ɗaure abinsa, doka ta ba shi wannan. Zuwa makon farko na Mayu galibi ganye ya rufe sama, furen ya fara yaushi, wanda bai samu zuwa ba sai ya jira Afrilun baɗi.