Hannun Mai Jifa: Yadda Ake Horar Da Shi A Wasan Besbol

Da yawa daga cikinmu muna da 'yan uwa a unguwar Bronx ta birnin New York, inda filin ƙungiyar Yankees yake. 'Ya'yansu da aka haifa a can suna tashi da wasan besbol kamar yadda namu ke tashi da tamaula. Iyayen kuwa galibi ba su san kan wasan ba, sai dai su ga yaro ya dawo gida yana dafe da gwiwar hannu. Shi ya sa muka ga ya dace mu ɗan yi bayani.

A wannan wasa akwai mai jifa, akwai mai bugu da sanda. Mai jifa yana tsayawa kan ɗan tudu, ƙafa 60 da inci 6 daga inda mai bugu yake, ya wurga masa ƙwallo mai tauri wadda nauyinta bai kai giram 150 ba. A manyan ƙungiyoyi yakan yi jifa kusan 100 a wasa guda. A 2010 Aroldis Chapman, mutumin Kyuba, ya yi jifan da gudunsa ya kai mil 105.8 a awa. Kai, ko motar haya a hanyar Kumasi ba ta isa ba!

Abin da masu horarwa suka fara koya wa yaro shi ne, ƙarfin jifa daga ƙafa yake tasowa, ya bi ƙugu da gadon baya, hannu shi ne na ƙarshe. Duk wanda ya taɓa kallon dambe ya san haka: ɗan damben da ke kai naushi da hannu kaɗai bai daɗe a fage. Saboda haka mai jifa yakan sha gudu da tsallen kwaɗo da ɗaga ƙarfe don cinyoyi da ƙugu. Kafaɗa kuwa lallaɓa ta ake yi, da jan igiyar roba da ɗaga ƙananan ƙarafa, domin ƙananan tsokokin da ke riƙe da ita su ne birkin hannu bayan an saki ƙwallo. Kafin wasa sai ya ɗumama jiki, ya fara jifa kusa-kusa a hankali, sannan a riƙa ƙara nisa.

Nolan Ryan shi ne misalin da ake yawan bayarwa. Tun zamanin da masu horarwa ke cewa ɗaga ƙarfe na sandarar da hannu, shi yana ɗagawa, kuma bayan wasa sai ya hau keken motsa jiki. Ya shekara 27 a manyan ƙungiyoyi, ya fitar da masu bugu 5,714, bai bari ba sai a 1993 yana da shekara 46. Amma ko shi, jijiyar gwiwar hannu ce ta tsinke masa a wasansa na ƙarshe.

To, wannan jijiya ita ce inda gizo ke saƙa. 'Yar ƙarama ce, tana can gefen ciki na gwiwar hannu, kuma kowane jifa mai ƙarfi sai ya ja ta. A da idan ta tsinke, wasa ya ƙare ke nan. A 1974 Dokta Frank Jobe ya ciro wata jijiya daga hannun dama na Tommy John, bahago mai yi wa Dodgers wasa, ya dasa masa a gwiwar hannun hagu. John bai yi wasa a 1975 ba, ya dawo a 1976, ya ci gaba har 1989. Sunansa aikin ya ɗauka har yau. Jinyar takan ci shekara guda zuwa shekara ɗaya da rabi, kuma ba kowa ke dawowa yadda yake ba. Abin takaici, yanzu har yaran sakandare ake yi wa wannan aiki.

Mu malamai mun san halin: idan yaro ya iya abu, shi za a yi ta sawa har sai ya gaji. A gasar makarantun Japan ta Koshien a 1998, Daisuke Matsuzaka ya yi jifa 250 a wasa ɗaya yana ɗan shekara 17, washegari kuma aka sake sa shi. An yi ta tafa masa, ya zama gwarzo. A 2011, yana tare da Boston Red Sox, shi ma aka kwantar da shi aka yi masa aikin. Ba mu ce wancan wasa ne ya jawo ba, amma dai daga 2020 Japan ta ƙayyade wa ɗalibi jifa 500 a mako.

Amurka ta riga ta. Tun 2007 ƙungiyar yara ta Little League ta soma ƙirga jifa. Ɗan shekara 9 zuwa 10 ba ya wuce 75 a rana, ɗan 11 zuwa 12 ba ya wuce 85, kuma wanda ya yi 66 ko fiye sai ya huta kwana huɗu. Wani bincike da aka buga a 2011 ya nuna yaran da suka wuce zango 100 na wasa a shekara sun ninka sauran sau uku da rabi wajen samun mummunan rauni. Matsalar ita ce yaro mai hannu yakan yi wa ƙungiya biyu ko uku wasa, kowane koci nasa lissafin kawai yake yi.

Nan ne aikin uba da uwa ya shigo, ko da ba su san dokar wasan ba. Su tanadi ɗan littafi, duk ranar da yaro ya dawo su tambaye shi jifa nawa ya yi, su rubuta, su haɗa na duk ƙungiyoyin. Idan ya ce gwiwar hannu ko kafaɗa na ciwo, kada a shafa man zafi a ce gobe ya koma, likita za a kai shi. Tsarin Pitch Smart, wanda hukumomin wasan suka fitar a 2014, ya ce yaro ya ajiye jifan gasa aƙalla wata huɗu a kowace shekara. A watannin nan sai a bar shi ya buga tamaula irin ta gida.