TS a takardar likita: mene ne wannan awon jini, kuma me yake iya faɗa?

Duk wanda aka taɓa shirya wa aikin tiyata, ko macen da za a yi wa aiki a ciro jariri, ya san takardar awon da likita ke rubutawa da Faransanci. Cikin jerin harufan da ke kanta, sau da yawa akan ga TS, wani lokaci tare da TC. TS taƙaitawa ce ta "temps de saignement", wato tsawon lokacin da jini ke ɗauka yana zuba kafin ya tsaya da kansa.

Abin da ake son gani shi ne aikin wasu ƴan ƙananan ƙwayoyi na cikin jini da ake kira plaket. Ɓargo ne ke yin su, kuma kowace takan rayu kwana 7 zuwa 10. Da zarar jijiya ta tsage, su ne ke fara isa wurin, su manne da juna su toshe kafar, kafin jini ya daskare a kansu. Mai lafiya yana da plaket 150.000 zuwa 400.000 a cikin ɗigon da bai kai kan allura ba, milimita kubik guda.

Hanyar awon biyu ce. Ta farko wani likitan Amurka, William Duke, ya fito da ita a 1910: a ɗan tsaga fatar kunne, wajen da mata ke huda, a danna agogo, a riƙa tsane jinin da takarda kowane sakan 30 ba tare da an taɓa raunin ba. Ga mai lafiya jinin kan tsaya cikin minti 2 zuwa 4. Ta biyu ita ce hanyar Ivy: a ɗaura abin awon tansiyo a damtse, a hura shi ya tsaya kan 40, sannan a yi ƴar tsaga a hannu ƙasan gwiwa. A nan ana sa ran jinin ya tsaya kafin minti 10. Babu tsada, babu buƙatar wutar lantarki, shi ya sa awon ya daɗe a ƙasashenmu.

Sai dai yana da rauni babba, kuma wannan ne ya kamata mai karatu ya riƙe. Sakamakon na canzawa da hannun mai yi, da zurfin tsagar, da kaurin fata, har da sanyin jikin mutum. Mutum na iya samun TS mai kyau ya zubar da jini sosai a ɗakin tiyata, wani kuma nasa ya yi tsawo a gama aiki lafiya lau. Mai ciwon hemofili, wanda jininsa ba ya daskarewa, yawanci TS ɗinsa daidai yake fitowa, domin plaket ɗinsa lafiyarsu ƙalau. Matsalar tana wani wuri. A 2011 hukumar lafiya ta Faransa, HAS, ta ce a daina dogara da wannan awo. Inda akwai kayan aiki, ana ƙirga plaket ta awon NFS, a haɗa da TP da TCA masu duba daskarewar jini.

Me ke tsawaita TS? Ƙarancin plaket, wanda zazzaɓin cizon sauro da dengi kan kawo. Ciwon ƙoda da ya yi nisa. Ciwon Willebrand, na gado, wanda wani likitan Finlan ya bayyana a 1926. Ba kamar hemofili ba, yana kama mata da maza, kuma mace kan yi shekaru tana fama da jinin al'ada mai yawa tana ɗauka haka halittarta take. Sai kuma magani. Aspirin, har da Aspégic da ake kaɗawa a ruwa, na kashe ƙarfin plaket har iyakar rayuwarta, don haka ƙwaya ɗaya da aka saya wajen mai tallar magani a tasha na iya yin tasiri kusan mako guda. Ibuprofen da diklofenak ma suna taɓa plaket, amma na ɗan lokaci. Parasetamol ba ya cikin wannan sahu.

A ganina, tambayoyin da likita ke yi kafin aiki sun fi wannan tsaga amfani, mu kuma mun saba amsa su da "babu komai" don a sallame mu da wuri. In yaro ya daɗe yana zubar da jini bayan kaciya, a faɗa. Haka yawan haɓo, dasashi mai jini, jinin da ya ƙi tsayawa bayan cire haƙori ko ƙahon wanzami, zubar jini bayan haihuwa, ko wani a dangi da aka sani da irin wannan. A ambaci duk maganin da aka sha cikin kwana goman da suka wuce, har da na gargajiya. Wanda likita ya ɗora kan aspirin saboda ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki kuwa, kada ya daina sha da kansa don awo ya yi kyau. Likitan ne zai ce a dakata ko a ci gaba, da ranar da za a koma sha.